Yadda Ake Gane Ko Ƙaramin Yaro Yana Fahimtar Magana

Yaro yana fara fahimtar magana tun bakinsa bai buɗe ba, kuma a shekaru biyun farko abin da yake ganewa ya ninka abin da yake iya faɗa sau da yawa. Binciken da Larry Fenson da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1994, wanda aka gina a kan bayanan iyaye, ya nuna cewa wajen cikar shekara ɗaya yara da yawa sun san ma'anar kalmomi 50 ko fiye, alhali waɗanda suke furtawa ba su kai 10 ba. Saboda haka mai son sanin ko harshen yaro yana tafiya daidai ba zai tsaya ga ƙirga kalmomin bakinsa ba. Abin da ya fi ba da labari shi ne abin da yaron yake yi idan an yi masa magana.

Batun yana da nauyi a unguwa irin Kawaji, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Nassarawa a Kano, maƙwabciyar Dakata da 'Yankaba. Hausa ce harshen layi da kasuwa, amma a cikin gidaje akwai uwa mai Fulatanci da danginta, akwai kaka mai Barbarci, akwai Yarbawa da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna da Filato. Ga Turanci a makarantar renon yara, ga Larabci a Islamiyya. Idan yaro ya yi nauyin baki a irin wannan gida, abin da aka fi saurin faɗa shi ne harsuna sun yi masa yawa. Wannan hukunci yakan sa a yi kuskure biyu: a hana yaro harshen gidansu ba gaira ba dalili, ko kuma a zauna jira alhali kunnensa ne yake da matsala.

Kafin kalma ta farko

Jariri yana ji tun yana ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer sun nuna cewa jariri ɗan kwanaki ya fi karkata ga muryar mahaifiyarsa a kan ta wata mace. A 1988 Jacques Mehler da abokansa a Faris sun gano cewa jarirai 'yan kwana huɗu suna bambance Faransanci da Rashanci ta hanyar kaɗawar sautin kowanne. A 2010 kuma, a birnin Vancouver na Kanada, aka gwada jariran da iyayensu mata suka riƙa magana da Turanci da Tagalog lokacin da suke da ciki, aka samu cewa jariran suna sauraron harsunan biyu da sha'awa, kuma suna rarrabe su. Ke nan ɗan da aka haifa a gidan harsuna biyu ya zo duniya da kunnen da ya riga ya san cewa abin da yake ji iri biyu ne.

A rabin farko na shekara jariri yana iya jin bambancin sautukan harsuna da dama, har waɗanda bai taɓa ji ba. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariran gidajen Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu baƙaƙen harshen Hindi, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunne ya koma kan sautukan da ake amfani da su a gida. Ga ɗan Bahaushe wannan shi ne lokacin da yake riƙe bambancin ka da ƙa, da da ɗa, ba da ɓa, tare da tsawon wasali da hawa da saukar murya, waɗanda ke sauya ma'anar kalma. Yaron da yake jin harsuna biyu a kai a kai yana riƙe sautukan duka biyun.

Kalmar da jariri ya fara ganewa galibi sunansa ne. Wani bincike na 1995 ya samu jarirai 'yan wata huɗu da rabi sun fi sauraron sunansu a kan wasu sunaye. A 2012 Elika Bergelson da Daniel Swingley na Jami'ar Pennsylvania sun nuna cewa tsakanin wata 6 da 9 jarirai kan kai idonsu ga hoton abin da aka ambata, idan abinci ne da suka sani ko wata gaɓa ta jiki. A wannan lokaci ba abin da ke fita daga bakin yaro sai gwaranci.

Matakan da aka saba gani

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jerin matakan girman yara a 2022, inda ta ajiye kowane mataki a watan da kashi 75 cikin 100 na yara suka riga suka kai shi. An gina jerin a kan yaran wata ƙasa, amma tsarin matakan bai cika bambanta daga harshe zuwa harshe ba. Abin da ya kamata a sauya shi ne misalan, a mai da su kayan da yaron Kawaji yake gani kullum.

Ɗan wata 9 yana juyowa idan an kira sunansa. Wajen wata 12 ya gane "a'a" ko "bari", yakan dakata ko da na ɗan lokaci ne, kuma yana ɗaga hannu idan baƙo zai tafi. Zuwa wata 15 yana neman abu da ido idan an ambace shi, "Ina takalminka?", yana bin umarni idan an haɗa da nuni, kamar a miƙa hannu a ce "Ba ni", kuma shi ma yana nuna abin da yake so da yatsa. Wannan nuni da yatsa babbar alama ce, domin yana nufin yaro ya gane cewa shi da wani za su iya kallon abu ɗaya tare, kuma a kan wannan ake gina koyon sunayen abubuwa.

Wata 18 shi ne matakin da ya fi muhimmanci ga mai lura. A nan yaro yana bin umarni guda ba tare da an nuna masa komai ba: "Kawo buta", "Zauna", "Rufe ƙofa". Ɗan shekara biyu yana nuna aƙalla gaɓoɓi biyu na jikinsa idan an tambaye shi, yana nuna akuya ko mota a hoto, kuma ya fara haɗa kalmomi biyu. A shekara biyu da rabi yana iya aike mai hawa biyu, "Ɗauki kofin nan ka kai wa Hajiya". Zuwa shekara uku yana amsa tambayar "wa", "me" da "ina", shi ma yana yin su, kuma ya fara gane "ciki", "kan" da "ƙarƙashi".

Al'adar aiken yara ta sa iyaye a ƙasar Hausa suna da ma'auni a hannunsu ba tare da sun sani ba. Uwar da ke aiken ɗanta ya ɗauko mata tsintsiya ko ya kira yayarsa ta fi kowa sanin iyakar fahimtarsa. Sai dai akwai tarko a ciki. Yaro yana karanta yanayi kafin ya karanta kalma. Idan uwa ta ɗauki mayafi da jaka ta ce "Ɗauko takalminka", zai ɗauko ko da bai san kalmar ba, domin ya san fita za a yi. Idan an shimfiɗa tabarma an ajiye kwano an ce "Zo ka ci", ba ya bukatar jin komai. Yara masu ƙarancin ji suna ƙwarewa a wannan fiye da kowa, har su shekara biyu ko uku gida bai gane ba, ana cewa "ai yana jin komai, maganar ce dai bai ga dama ba".

Gwaji a gida

Domin kauce wa wannan tarko ake raba kalma da yanayi. Ana zaɓar lokacin da yaro ya ƙoshi, ba ya jin barci, ba ya zazzaɓi. A kashe rediyo da talabijin, kuma idan janareta na aiki a kusa a jira a kashe shi. Mai gwajin ya zama wanda yaro ya saba da shi, domin ƙyuya kaɗai ta isa ta hana yaro motsi a gaban baƙo. A fitar da yayyensa daga ɗakin, saboda su ne za su riga shi ɗauko abin ko su nuna masa da ido.

Sai a jera abubuwa uku ko huɗu da ya sani a kan tabarma, misali kofi, cokali, takalmi da hula, da ɗan rata a tsakaninsu. Mai gwajin ya zauna yana fuskantar yaro, hannayensa a kan cinya, idonsa a kan fuskar yaron. Wannan shi ne wuri mafi wuya, domin ido yakan zame ya faɗa kan abin da ake tambaya ba da niyya ba, kuma yaro yana binsa nan take. Da murya irin ta hira a ce "Ba ni cokali", a yi shiru a jira. Ƙananan yara suna bukatar daƙiƙu kafin kalma ta sauka, kuma maimaita umarnin sau uku a jere yana ruɗa su. Idan ya miƙo, a karɓa, a mayar, a sauya wa kayan wuri, sannan a tambayi wani. Ba a cire abin da ya riga ya miƙo, don kada a ƙarshe ya ci gwajin saboda abu ɗaya ne ya rage. Ga ɗan ƙasa da wata 15, kallon abin da aka ambata ya wadatar ko bai ɗauka ba.

Ga wanda ya kai shekara biyu ana ƙara umarnin da ya saɓa wa al'ada. Kowane yaro zai sa cokali a cikin kofi, ko an ce masa ko ba a ce ba. Amma "Sa cokali a cikin takalmi" ko "Ɗora hula a kan kofi" sai wanda ya ji kalmomin duka. Yara kan yi dariya idan sun ji irin wannan, kuma dariyar kanta shaida ce cewa sun gane.

Gwajin rana ɗaya ba ya yanke hukunci. Yaro yana iya ƙin yi don wasa ya ɗauke hankalinsa ko don taurin kai irin na shekara biyu. Ana maimaitawa a ranaku daban-daban da kaya daban-daban, kuma yana da kyau a rubuta abin da aka gani a littafi ko a waya, da kwanan wata, domin likita zai tambaya.

Gwajin ji na gida ya fi wannan rauni, kuma ya kamata a san haka. Tafi, buga ƙofa ko faɗuwar kwano ba sa tabbatar da cewa yaro yana jin magana. Ƙara mai ƙarfi tana ratsa kunnen da ya yi rauni, girgizar ƙasa tana isa jiki, kuma yaro yana ganin inuwa ko motsi ta gefen ido. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a tsaya a bayansa inda ba ya gani, a kira sunansa ko a ambaci abin da yake so da murya ƙasa-ƙasa, ta dama sannan ta hagu. Ko ya juyo, wannan ba ya maye gurbin awon asibiti idan akwai wani dalilin damuwa.

Yaron da ke tashi da harsuna biyu

Yaron da ke jin harsuna biyu tun yana jariri yana kai manyan matakan nan a lokaci ɗaya da takwarorinsa: yana juyowa ga sunansa, yana bin umarni, yana faɗin kalmar farko wajen shekara, yana haɗa kalmomi wajen shekara biyu. Abin da ya bambanta shi ne yadda kalmominsa suka rabu. Awowin farkawarsa ba su fi na sauran yara ba, kuma an raba su tsakanin harsuna biyu, don haka a kowane harshe shi kaɗai yakan san kalmomi ƙasa da na mai harshe ɗaya. Barbara Pearson da abokan aikinta sun bi yara masu Sifaniyanci da Turanci a Miami, suka wallafa a 1993 cewa idan aka haɗa harsunan biyu, adadin abubuwan da yaran suka san sunansu ya yi daidai da na masu harshe ɗaya. Binciken Erika Hoff na 2012 ya ƙarfafa wannan, ya kuma nuna cewa ƙarfin yaro a kowane harshe yana bin yawan jin da yake yi masa.

Daga nan ƙa'idar ƙirga ta fito. Ana yin gwajin tabarma a kowane harshe daban, kuma wanda ya saba yi wa yaro wannan harshe shi ne zai yi tambayar. Sannan a haɗa sakamakon. Idan yarinya ta san ruwa a Hausa ta kuma san ndiyam a Fulatanci, abu ɗaya ta sani da sunaye biyu. Idan ta san kosam a bakin mahaifiyarta amma ba ta san nono ko madara ba, ta san abin, a ƙirga mata. Idan ta san mota a Hausa kaɗai don a layi take jin kalmar, a ƙirga mata. Kalmomin wanka, abinci da barci sukan zauna a harshen uwa, na wasa da waje a harshen yaran unguwa. Malamar da ta gwada irin wannan yarinya da Turanci kaɗai, ko ma'aikacin lafiyar da ya gwada ta da Hausa kaɗai, rabin abin da ta sani ya gani.

Cakuɗa harsuna a jimla ɗaya ba alamar ruɗewa ba ce. Yaro yana ɗauko kalmar da ke kusa da shi don cike gurbi, kuma yana kwaikwayon manya, waɗanda a Kano suke Ingausa dare da rana. Fred Genesee da abokansa a Montreal sun nuna a shekarun 1990 cewa 'yan shekara biyu masu Faransanci da Turanci sukan ƙara yawan harshen da abokin maganarsu yake yi. Yaro ya san da wa yake magana tun bai iya faɗin sunan harshen ba.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce wa zai yi wane harshe. Tsarin da ya fi shahara, uba harshe ɗaya uwa harshe ɗaya, Jules Ronjat ya bayyana shi a 1913 game da ɗansa, wanda ya tashi da Faransanci da Jamusanci. Yana aiki, amma ba dole ba ne, kuma ba shi ne ya fi ƙarfi ba. Annick De Houwer ta yi nazarin iyalai kusan 1,900 a Beljiyam, ta wallafa a 2007 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ke jin harsuna biyu a gida sun tashi suna magana da harshen gari kaɗai, kuma harshen gida ya fi tsira inda iyaye biyun suke yinsa. Darasin ga Kawaji a fili yake. Hausa ba ta bukatar a yi mata tanadi, domin yaro zai same ta a ƙofar gida, a wurin mai shago, a wurin abokan wasa. Harshen da ke cikin haɗari shi ne na cikin ɗaki, ko Fulatanci ne, ko Barbarci, ko Nufanci, ko Babur. Alamar farko ita ce yaro yana gane duk abin da aka ce masa da harshen amma yana amsawa da Hausa. Wannan fahimta dukiya ce, kuma a kanta magana ke tsirowa idan an ci gaba da yi masa harshen, an kuma haɗa shi da dangin da ba su da wani harshen sai shi.

A wasu gidajen, musamman wajen Nassarawa GRA, lamarin ya juya. Iyaye Hausawa suna yi wa jariri Turanci zalla don ya riga tsara a makaranta. Idan Turancin ya zauna a bakinsu sosai, yaro zai koya, ko da yake yakan rasa hira da kakanninsa. Idan kuwa bai zauna ba, abin da yaro yake samu 'yan gajerun umarni ne da ake maimaitawa, babu labari, babu barkwanci, babu doguwar jimla, kuma wannan asara ce babba a shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi bukatar magana mai yalwa. Uwa ta yi wa ɗanta harshen da take rarrashi da shi, take ba da labari da shi, take dariya da shi. Turancin makaranta ya fi zama a kan tushen harshen farko mai ƙarfi.

Yaron da aka kai makarantar reno yana da shekara biyu ko uku, inda ake harshen da bai sani ba, yakan yi shiru a aji na makonni ko watanni yana saurare. Muddin yana fahimta yana kuma magana da harshen gida kamar da, shirun ba abin tsoro ba ne. Game da Larabci kuwa, haddar addu'o'i da gajerun surori tana horar da kunne da harshe a kan sautuka da tsari, kuma alheri ce. Amma a wajen wannan ƙirga ba a sa ta cikin kalmomin da yaro ya fahimta, sai a gidan da ake hira da Larabcin. Yaro yana iya maimaita dogon zance daidai ba tare da ya san abin da ke ciki ba, kuma iya maimaitawa ba ya kore matsalar fahimta.

Abin da ke ciyar da fahimta

Fahimta tana girma da maganar da aka yi da yaro aka ba shi damar amsawa. A 2013 Adriana Weisleder da Anne Fernald sun naɗi maganar yini guda a gidajen masu Sifaniyanci a Kalifoniya, suka samu cewa yaran da aka fi yi wa magana kai tsaye suna 'yan wata 19 sun fi saurin gane kalma da yawan kalmomi a wata 24. A 2017 aka wallafa wani nazari daga karkarar Senegal, a ƙauyukan Wolof inda al'ada ba ta ƙarfafa hira da jariri ba. Bayan shirin wayar da kai na ƙungiyar Tostan, iyaye mata sun ƙara yawan magana da 'ya'yansu, yaran ma suka ƙara. A ɗaya ɓangaren, Marisa Casillas da abokan aikinta sun samu a 2020 cewa yaran wani ƙauyen Mayawa a kudancin Meziko, waɗanda ba a cika yi musu magana kai tsaye ba amma suna kewaye da hirar mutane, suna kai matakan harshe a kan lokaci. Gidan yawa, da kaka da gwaggo da yayye, ba cikas ba ne ga yaro. Yana ba shi bakuna da yawa da zai koya daga gare su.

Inda ake kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa kuma ba ta sakewa da shi a gaban mutane, sau da yawa kaka ko 'yar raino ce take cike gurbin, kuma wasan kaka da jika makaranta ce mai kyau. Matsalar tana zuwa ne a gidan haya na mata da miji kaɗai, inda kunyar ta biyo uwa amma kakar tana ƙauye. A nan ya wajaba uwa ta yi magana da ɗanta, ko da inkiya take kiransa. Goyo ma yana da nasa: yaro a baya yana jin murya amma ba ya ganin fuska ko abin da ake nufi. Lokutan wanka, shafa mai, shayarwa da ba da abinci su ne na fuska da fuska, kuma a cikinsu ake ambaton ido, hanci, ruwa, zafi, sanyi, ƙari, ya ƙare.

Hanyar da ta fi amfani ita ce a bi idon yaro. Idan ya zuba wa kaza ido, lokacin kalmar kaza ne, ba lokacin janye shi ya kalli wani abu ba. Idan ya ce "mota", a mayar masa da ɗan ƙari, "E, motar Baba ta tafi". Ba a tilasta masa "ce kaza, ce kaza", ba a kuma yi wa kuskurensa dariyar da za ta sa ya yi shiru. Waƙoƙin raino da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi suna da maimaici, wanda ƙananan yara suke so suke kuma koyo da shi. Lokacin yaye, wanda yakan zo tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara biyu, ya dace da lokacin da kalmomi ke ƙaruwa da sauri. Idan an kai yaro wurin kaka mai wani harshe, zai iya yin shiru na kwanaki saboda sauyin, kuma ba a gwada shi a wannan tsakani.

Waya ba ta yin wannan aiki. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Seattle sun haɗa jarirai 'yan wata 9 da masu magana da Sinanci a zama 12. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka nuna wa mutanen a bidiyo ba su koyi komai ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaron da ke rera waƙoƙin katun na Turanci amma ba ya iya kawo kofi idan an ce ya kawo bai koyi Turanci ba.

Lokacin zuwa asibiti

Yaron da bakinsa ya yi nauyi amma yana fahimta sosai, yana nuni da yatsa, yana wasa da mutane, sau da yawa yakan kamo tsaransa, ko da yake ya kamata a auna jinsa a kuma ci gaba da lura. Wanda fahimtarsa ce ta yi baya, lamarinsa daban ne, kuma ba a jira da shi. A nemi likita idan jariri ba ya razana da ƙara ko ba ya juyowa ga murya zuwa wata 6, idan ba ya amsa sunansa kuma ba ya gwaranci zuwa wata 12, idan ba ya nuni da yatsa ko bin umarni guda zuwa wata 18, ko idan ɗan shekara biyu ba ya gane sunayen kayan gida a kowane ɗaya daga harsunansa. Yaron da ya iya wasu kalmomi ko yake kallon mutane sannan ya daina, a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba, komai shekarunsa.

Matsalar gaskiya tana bayyana a harsunan yaro duka. Wanda yake da ƙarfi a ɗaya yake da rauni a ɗayan, ƙarancin yi masa wannan harshen ne ke damunsa. Wanda yake da rauni a duka biyun yana bukatar bincike, kuma yanke masa harshe ɗaya ba magani ba ne. Nazarce-nazarce a kan yara masu galahanga da masu jinkirin harshe ba su nuna cewa harshe na biyu yana ƙara musu matsala ba, yayin da hana su harshen gida yana raba su da mutanen da suka fi yi musu magana. Haka nan "namiji ne, maza ba sa magana da wuri" da "babansa ma haka ya yi" ba hujjar jira ba ce. Bambancin maza da mata a wannan fanni kaɗan ne, kuma jinkirin harshe a dangi dalili ne na ƙara lura. Linzami kuwa bai shafi fahimta ba ko kaɗan, kuma kai yaro wurin wanzami a yanka masa ƙarƙashin harshe yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta ba tare da ya taɓa ainihin matsalar ba.

Abu na farko da ake dubawa shi ne kunne. Abubuwan da suka fi lalata jin yara a wannan yanki sanannu ne: shawara mai tsanani a makon haihuwa, wahalar numfashi lokacin haihuwa, sanƙarau, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ciwon kunne mai fitar da ruwa ko mugunya, da wasu allurai irin su jentamisin idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba. Kano ta ga abin da sanƙarau ke yi a annobar 1996. Duk yaron da ya tashi daga ɗaya daga cikin waɗannan ya cancanci awon ji ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma ruwan da ke taruwa a bayan fatar kunne bayan mura, wanda ba ya ciwo amma yana dusashe ji na makonni. Ba a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen yaro, ba a kuma cusa masa tsinke ko auduga. Tamowa da ƙarancin jini su ma suna rage kuzarin koyo, don haka likita yakan duba su.

Daga Kawaji ana iya farawa da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke 'Yankaba, ko Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa, a nemi a tura yaro sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. Na'urorin awon ji na jarirai ba sa bukatar yaro ya yi magana ko ya ba da haɗin kai, ba sa ciwo, kuma ana iya yi yana barci. Ƙa'idar da ƙwararru suke bi ita ce a tantance jin jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Idan an je, a faɗa wa likita harsunan da ake yi a gida da wanda yake yin kowanne, a tafi da wanda zai iya yi wa yaro magana da harshen da ya fi ƙarfi a ciki.

Idan ya tabbata yaro kurma ne, har yanzu yana bukatar harshe a shekarun nan na farko, kuma yana iya samunsa ta ido. Kurame a Kano suna da maganar hannu tasu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a kanta ta wallafa littafi a 2000, kuma akwai makarantar masu bukata ta musamman a Tudun Maliki. Koya wa yaro maganar hannu ba ya hana shi amfana da na'urar ƙara ji ko koyon magana da baki. Iyayen da suka ga ɗaya daga cikin alamomin da aka ambata su kai yaron awon ji a cikin watan da suka gani, kada su bari sai ya isa shiga makaranta.